Zuriya ta Arba'in da Ɗaya

Aikina kiwon sauro. Duk wanda na gaya wa haka sai ya fara dariya, sannan ya ce, "A'a, da gaske fa, me kike yi?" Inna, mahaifiyar mijina, ta daɗe da daina tambaya. In baƙi suka zo sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga matar ɗana nan. Matan mutane na kiwon kaji da awaki, ita sauro ta zaɓa. Ba a ci, ba a kai kasuwa."

A bayan sashen nazarin ƙwari na jami'ar da na yi digirina na biyu akwai wani ɗan ɗaki marar taga, mai ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin kiwo muke ce masa. Kullum a ɗumame yake, ga danshi, saboda jiƙaƙƙun tawul da muke ratayawa a bango. A kanta ta sama akwai keji biyu na raga, nan manyan sauro suke. A ta ƙasa farantan ruwa ne a jere, inda tsutsarsu ke iyo, muna barbaɗa mata garin abincin kifi har ta yi fiffike. Manyan ruwan sukari suke tsotsa a jikin auduga. Sai dai ta mace ba ta yin ƙwai sai ta sha jini, don haka sau biyu a mako nake naɗe hannun riga in zura hannuwana cikin kejin, dama a ɗaya, hagu a ɗaya, in jira minti goma. Babu cuta a jikinsu. A ɗakin aka ƙyanƙyashe su, ba su san jinin kowa ba sai nawa.

Abin da ya sa suke da daraja shi ne ba su san magani ba. Kakannin kakanninsu ni na kamo su shekara biyu da suka wuce, a wata fadama mai nisa inda ba a taɓa feshi ba. Sauron gari ya goge, ka fesa masa magani ya kakkaɓe ya tashi. Namu kuwa da sun taɓa shi sai su zube. Shi ya sa suka zama ma'auni: in ana son a san ko maganin da ke jikin gidan sauro yana aiki, da su ake gwadawa. Kuma sauron zazzaɓi ba a ajiye ƙwansa kamar irin shuka. Ya bushe, ya mutu. Dole kullum a ci gaba, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika. A jikin ƙofa akwai allo inda nake rubuta lamba da alli. A makon da nake ba da labari, zuriya ta arba'in da ɗaya ce a kai.

A kansu na rubuta takardar neman tallafin karatun digiri na uku. Mutum ɗari uku suka nema, aka kira mu takwas intabiyu, biyu za a ɗauka. Da na tambayi yaushe za mu ji, ɗaya daga cikin masu yi mana tambayoyin ya ce, "Nan da wata biyu. Ko uku."

Ranar Litinin ina zaune a kan bencin asibitin gwamnati, ina jiran a sa hannu a takardar sallamar 'yata, saƙo ya shigo wayata. Ɗigo muke kiranta, don da aka haife ta ba ta fi tafin hannun ubanta ba. Shekararta uku, tana da sikila. Kwananmu biyar a asibitin. Kwana biyun farko a baranda muka yi su, don babu gado, ubanta yana zaga gari neman wanda jininsa ya zo ɗaya da nata.

Saƙon daga wani babban asibiti mai zaman kansa ne, inda na yi intabiyu tun watannin baya har na manta. Sun ɗauke ni aiki a ɗakin gwajin jini. Na karanta sau uku, kuma duk ukun a layi ɗaya idona yake tsayawa: ana duba 'ya'yan ma'aikata a asibitin, kuma suna da sashen masu sikila. A ƙasa akwai sharaɗi. Za su horar da ni a kan injinansu, ni kuma in sa hannu ba zan bar aikin ba sai bayan shekara biyu. Suna jiran amsa kafin ƙarfe sha biyun ranar Alhamis.

Da la'asar, bayan Ɗigo ta yi barci, na miƙa wa babanta wayar. Haɗa sola yake yi wa mutane, ya dawo da wayoyin lantarki a kafaɗa, ko takalmi bai cire ba. Ya karanta a tsaye.

"Alhamdulillahi," ya ce. Sai ya dubi fuskata. "Ko ba alhamdulillahi ba?"

"Alhamdulillahi mana."

"To me ya sa kika yi kamar an aiko miki da sammaci?"

"In na sa hannu, maganar digirin dakta ta tashi. Ko sun ba ni, ba zan iya karɓa ba."

Ya zauna a bakin gado ya fara kwance igiyar takalmi. "Su masu daktan, sun ce za su ba ki?"

"Ba su ce ba."

"Sun ce ba za su ba ki ba?"

"Ba su ce ba."

"Cinikin biri a sama ke nan."

"Abban Ɗigo, na sani."

"Ni fa ba cewa na yi ki karɓa ba. In kika ce za ki jira, mu jira. Da ma haka muke yi, ba mu mutu ba." Ya cire takalmin ya ajiye gefe. "Abin da ba na so shi ne nan da shekara goma ki dube ni ki ce ni na hana ki."

"Ni kuma ba na so nan da wata huɗu mu sake kwana a baranda in ce ni na jawo."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "To ni dai na fita. Ki tambayi 'ya'yanki na makaranta, masu fiffike. Ai sun fi ni shan jininki."

Na jefe shi da matashi ina dariya. Amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ranar Talata na je wurin Farfesa. Ita ta duba aikina na digiri na biyu, ita kuma ta zauna da ni muka gyara takardar neman tallafin har sau bakwai. Ofishinta cike yake da kwalayen takardu, kujera ɗaya ce ta baƙo, sai ka kwashe abin da ke kai kafin ka zauna. Ta saurare ni tana goge tabarau da gefen mayafinta.

"Gwajin jini," ta ce. "Ki sa kwalba a inji, inji ya tofo takarda, ki buga hatimi. Don wannan na koya miki feɗe cikin sauro?"

"Farfesa, yarinyar..."

"Na san yarinyar. Ni ma na goya, da goyon na yi nawa karatun." Ta mayar da tabarau. "'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba, ban san me za su yanke ba. Amma shekara ashirin ina karanta irin waɗannan takardu, taki tana da ƙarfi. Ko ba don komai ba, babu wanda yake da abin da kike da shi a ɗakin can."

"In ba su ba ni ba fa? Na saki reshe na kama ganye."

"In kuma suka ba ki kina can kina buga hatimi fa?"



"Tallafin ma ai da alawus," ta ce.

"Da alawus, amma babu gadon asibiti."

Daga baya ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "In kin tafi, wa zai riƙe su? Ɗaliban nan na bana ko kaktus, shukar da ba ta neman ruwa, ba za su iya rayawa ba."

Na fito da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi. Na biya ɗakin kiwo don in ga halin da ake ciki. Baba na can. Shi ne tsohon ma'aikacin ɗakin, shekararsa talatin a ciki, ɗalibai suna kiransa Sarkin Sauro. Shi ya riƙe min su kwanakin da nake asibiti. Tsutsar duk ta yi fiffike, ya kwashe ta cikin kejin, farantan sun zama wayam, an wanke an kife. Wato dukiyata gaba ɗaya tana cikin keji biyun nan, tana jiran jini ta yi ƙwai.

"Sun yi kewarki," in ji Baba. "Jiya har suna tambaya."

"Ai da ka ba su naka."

"Ni? Tun ranar da kika zo na yi ritaya daga ba da jini. Shekara ashirin da takwas suna sha, ko na gode babu." Ya nuna min damtsensa. "Jinin tsoho ma ɗaci gare shi."

Muna shiri da Baba, abu ɗaya ne ya taɓa haɗa mu. Yana da wata ɗabi'a ta ware faranti ɗaya ya tura ƙarƙashin wurin wanke hannu, a kan siminti. Ba lamba, ba kwanan wata, ba ya cikin littafina. Bara na ce masa wannan yana ɓata min tsari, duk abin da ba a rubuta ba, ba kimiyya ba ne. Ya ce, "To, Malama." Ban ƙara leƙa wurin ba.

Na ce masa gobe da safe zan zo in ciyar da su.

Laraba na tashi da aikin gidan sauro. Na Ɗigo ya yage ta wajen ƙafa, ga shi an ba mu sabo a asibiti. Ni da sauro a gida babu wasa. Wanda nake lallaɓawa a makaranta, in na ga ɗan'uwansa a ɗakina sai na bi shi har bayan labule, don zazzaɓi ɗaya ya isa ya mayar da mu baranda. Na farke ledar, na zaro sabon, na yafa shi a kafaɗa da damatsa don kada ya ja ƙasa, na kai shi igiyar bayan ɗaki na baza a inuwa ya sha iska, kamar yadda ake yi. Ina cikin haka Ɗigo ta farka da kuka. Na ba ta magani, ta tofar, na sake ba ta. Na shirya mata jaka, na kai ta wurin Inna, na maimaita wa Inna lokacin kowane magani har ta ce, "Ke, ni ma fa na haihu. Je ki wurin dabbobinki."

Tsakanin ƙofofin ɗakin kiwo akwai famfo da sabulu marar ƙamshi da farar riga a rataye. Dokar wurin ni na rubuta ta da hannuna na manna a bango: a cire mayafi, a wanke hannu har sama da gwiwa, sannan a shiga. Na buɗe famfo ke nan wayata ta yi ƙara. Matar ofishin ma'aikata ce ta asibitin.

"Muna tuna miki ne, gobe sha biyu."

"Na gode, ina sane. Don Allah, ba za a iya ƙara min lokaci ba? Ko wata ɗaya?"

"Wata ɗaya?" Ta yi 'yar dariya. "'Yar'uwa, akwai mutum huɗu a bayanki. Ɗaya ma kullum sai ya kira."

"Sharaɗin shekara biyun fa?"

"Wannan ba ni na sa ba, kuma ba a taɓa cire wa kowa ba."

Wayar na maƙale tsakanin kunnena da kafaɗa, na cuɗa tafin hannuna, na ɗauraye, na tura ƙofa ta biyu da ƙafa. Muka yi sallama. Na ja kujera, na naɗe hannun riga, na zura dama a keji ɗaya, hagu a ɗaya.

Suka sauko kamar kullum. Akwai wani ɗan zafi da ake ji da farko, sannan ya zama ƙaiƙayi, sannan ka daina ji. Nakan so mintunan nan goma, su ne kawai lokacin da ba wanda zai ce in miƙo masa wani abu. Na kafa wa agogon bango ido ina ta saƙa da warwara. Sai wajen minti na bakwai na lura hannuna ya yi sauƙi. Na duba. Ba sa zama. Su sauka, su tashi, su yi karo da raga. Ɗaya ta faɗo a kan farar takardar da ke shimfiɗe a ƙasan keji, ta kwanta rigingine tana juyi, ƙafafunta na karkarwa.

Na san wannan juyin. Sau ɗaruruwa na gan shi a gwaji, ina riƙe da agogo ina rubutawa.

Na zare hannuwana. Na shinshina damtsena, na ji warin sabuwar leda. Sai a lokacin gidan sauron Ɗigo ya faɗo min a rai, yadda na yafa shi, yadda ya kwanta a fatata tun daga kafaɗa har wuyan hannu.

Ba abin da ake yi. Na fita na wanke hannu har sau uku, na dawo na canja takardar ƙasa, na sa sabuwar auduga, duk don dai hannuna ya sami abin yi. Cikin awa ɗaya ƙasan kejin ya yi baƙi. Waɗanda suka rage a manne da raga maza ne, su da ba sa cizo, ba su sauka a kaina ba.

Zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba sai daga baya. Da na zauna ina kallon su a zube, abin da na fara ji ba baƙin ciki ba ne. Wani sanyi na ji ya sauka a ƙirjina. Na ce a raina, shi ke nan, an yanke min. Babu sauro, babu bincike, babu abin jira. Gobe in sa hannu, kuma ba wanda zai ce ni na zaɓa, ko Farfesa, ko ni kaina.

A haka Baba ya same ni. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi kejin, ya dubi jajayen hannuwana.

"Turare?"

"Gidan sauro. Sabo."

"Innalillahi." Ya matso ya sunkuya yana leƙawa. "Gida ya zama na maza zalla. Waɗannan ko shekara za su yi, sai dai su yi ta shan sukari suna hira."

"Baba, na kashe su. Shekara biyu. Da hannuna, ni da na rubuta dokar."

"Ai mai dokar barci shi yake fara gyangyaɗi." Ya miƙe yana dafa ƙugu. "Yarinyar ta samu gidan sauronta dai?"

"Yana kan igiya."

"To an yi abin kirki ɗaya yau."

Ya fita tsakanin ƙofofin. Na ji yana nishi, na ji ƙarar roba a kan siminti. Ya dawo riƙe da faranti da hannu biyu, yana tafiya a hankali don kada ruwan ya zube. Ya ajiye a gabana.

Tsutsa ce a ciki, ƙanana, suna kwance a saman ruwa. Da inuwata ta faɗa kansu suka nutse gaba ɗaya, sannan suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙannensu ne," in ji Baba. "Uwa ɗaya, rana ɗaya aka yi ƙwansu. Ƙasan can ya fi sanyi, abinci kuma kaɗan nake ba su, sai su yi ta jan ƙafa. Kullum suna bayan 'yan'uwansu da mako guda. Ba su kai ɗari biyu ba, amma sun isa iri."

"Ai na ce ka daina."

"Kin ce. Na ce to."

"Baba..."

"Malama, kafin ki zo sau uku ɗakin nan yana mutuwa a hannuna. Sau ɗaya wuta aka ɗauke kwana huɗu. Sau ɗaya tururuwa. Sau ɗaya wani shugaban sashe ya sa aka yi wa ginin feshi saboda kyankyasai, bai gaya wa kowa ba. Ba a littafi na koya ba."

Ban san lokacin da na durƙusa a gaban farantin ba. Kukan da ban yi a kan matattun ba, a kan waɗannan na yi shi, har Baba ya janye farantin yana cewa kada in zuba musu gishiri. A nan na san abin da nake so, ba sauran ɓoye-ɓoye. Ina son karatun nan. Ina son sa kamar yadda nake son sa tun ranar da na fara ganin cikin sauro a madubin gwaji. Sanyin da na ji ɗazu na gudun zaɓi ne kawai, ga shi an dawo min da zaɓin cikin farantin roba.

Da yamma na ɗaura wa Ɗigo sabon gidan sauronta. Ta shiga ciki ta ce ɗakinta ne, sai na yi sallama kafin in shigo. Na yi sallama. Ta ce ba ta nan. Na zauna a waje ina kallonta ta cikin raga, idanunta da sauran ruwan ɗorawa-ɗorawa na ciwon da ta tashi daga shi, bayan hannunta da tabon allurar ƙarin ruwa. Na gaya wa babanta duk abin da ya faru, har da sanyin da na ji.

"To yanzu fa?" ya ce.

"Yanzu na san ina so."

"Sai ki jira ke nan."

"A'a. Zan sa hannu."

Ya juyo gaba ɗaya. "Ban gane ba."

"Jiya in na sa hannu, zan ce dole ce. Yau na san ba dole ba ce. Na auna ne. Tsutsar Baba za ta iya jira a sanyi. Ciwon yarinyar nan ba ya jira, kuma ba ya aiko da saƙo kafin ya zo."

"Kada fa ki ce don ni."

"Kai wa? Kai ai ka fita tun Litinin."

Alhamis da ƙarfe goma na je asibitin na sa hannu. Matar ofishin ta ba ni fom na iyali, na rubuta sunan Ɗigo da nau'in jininta. Kafin in fita na bi ta sashen masu sikila, na tsaya a ƙofa na ƙirga gadajen da babu kowa a kai. Daga nan na wuce wurin Farfesa da wata takarda a jaka.

Ta karanta, ta ajiye, ta sake ɗauka. "Janyewa? Ke, aikin kin karɓa, na ji, ban ce komai ba. Amma wannan na mene ne? Ki bar takardar neman tallafin mana, ko don ki san matsayinki."

"In suka ba ni fa, Farfesa?"

"Sai ki ce a'a."

"Ba zan iya ba. Na san kaina. Zan je in karya alkawarin da na sa wa hannu yau, ko kuma in yi shekara biyu ina aiki da rabin zuciya, jinin mutane a hannuna. Gara wanda ke bayana a layi ya samu tun da wuri."

"Ba za ki taɓa sanin ko ke ce ba."

"Na sani."

Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa, har na zaci ta manta da ni. "Suna buɗewa duk shekara," ta ce. "Amma ba sa ɗaukar wanda ya wuce talatin da biyar. Nawa kike yanzu?"

"Talatin da biyu."

"Kin ga sau ɗaya ya rage miki, in kin gama wa'adin. Sau ɗaya tak. Kuma in ɗakin can ya mutu kafin lokacin, ba ki da abin rubutawa." Ta miƙo min takardar. "Aika da kanki. Ni hannuna ba zai taɓa ta ba."

A barandar sashen na aika, a tsaye, kafin in sami damar sake tunani.

Sai farkon wata zan fara aiki, don haka kwanakin da suka rage a ɗakin kiwo na yi su. Muka wanke kejin da ruwan zafi, muka shanya a rana, muka sake wankewa. Na sayi sabon littafi na rubuta komai a ciki, awon abinci, zafin ɗaki, ranar canja ruwa. A shafin farko na sa dokar wanke hannu, na ƙara da gidan sauro da manyan baƙaƙe. A na biyu na rubuta: a ware faranti ɗaya a ƙarƙashin famfo. Baba ya karanta ya ce, "Au, yanzu ya zama kimiyya?"

Tsutsarsa ta yi fiffike ranar Laraba ta sama. Ranar Asabar suka isa shan jini, ita ce kuma ranata ta ƙarshe. Na wanke hannu har kafaɗa, na shiga, na ja kujera. Baba ya dafa kujerar.

"Tashi."

"Baba, yau ai ranar ciyarwa ce."

"Na sani. Daga Litinin wa zai ba su? Gara su saba da ɗacin tun yanzu." Ya zauna yana naɗe hannun rigarsa. "Shekara biyu kika ce?"

"Biyu."

"Zuriya nawa ke nan?"

"Wajen arba'in."

"Ni saura shekara biyu da rabi in yi ritaya ta gaske. Kada ki makara, don ba zan ƙara musu ko cizo ɗaya ba."

"Zan riƙa zuwa ranar Asabar in karɓe ka."

"Ki zo, in yarinyar na lafiya. In ba ta lafiya na gan ki a nan, korar ki zan yi."

Ya zura hannunsa cikin kejin. Suka yi ta shawagi, kamar ba za su sauka ba, sannan ɗaya ta sauka a kan jijiyar wuyan hannunsa, wata ta biyo ta. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Marasa kunya," ya ce. "Jikokin jikoki, amma halin nan dai na kakanninsu ne."

Na tsaya har mintuna goman suka cika, na sa musu ƙaramin kwanon ruwa da za su zuba ƙwai. Allon ƙofa na nan da lambar da na rubuta. Ban goge ba, don sai ƙwai ya ƙyanƙyashe ake canja ta. Na ajiye wa Baba allin a kan littafin, na ɗauki jakata, na tafi ɗauko Ɗigo. Ranar Litinin da safe za mu je sabon asibitin tare a buɗe mata fayil.